Wa ya cinye rumbun kafin bazara?

Ɗan Autan Gandu:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da magana, na kuma san za ta yi wa wasu zafi, a yi min afuwa tun yanzu. Kaka ta yi, an kakkaɓe riɗi, an fara ɗaurin gero. Duk mai so ya tsaya bakin titi ranar Lahadi ya ga abin da ake fita da shi zuwa Gujungu: kwano biyar, kwano goma, a bakko, a bayan babur. Wannan zai canja waya, wancan zai yi ankon bikin abokinsa, wani kuma kawai ya ga abokai sun tafi kasuwa ne, ba zai je hannu rabbana ba. Kowa cewa yake ɗan kaɗan ne. To ku jira marka ta sauka, mutanen nan su ne za ku gani ƙofar gidan masu shago suna neman bashin kwano biyu, a biya da uku in an yi girbi. Ni dai a ganina yawancin wahalar garinmu a hannunmu muke ƙera ta, Lahadi bayan Lahadi. In na yi ƙarya a gyara min.

Baffa Manomi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka taɓa riƙe gida?

Ɗan Autan Gandu:
A'a Baffa, ban taɓa ba.

Baffa Manomi:
To shi ya sa. Kai wayar ka gani da anko, ba ka ga abin da ke bayan bakkon ba. Mutum ya ci bashin taki tun watan shida, ya ci bashin maganin feshi, 'yan ƙwadago sun yi masa noman farko da maimai a kan alkawari. Ranar da aka ga ya kakkaɓe riɗi, kafin ya kai gida an riga shi zuwa. Ga zakka, wadda ba wasa ba ce, ɗaya cikin goma ga noman damina. Ga yaron da za a biya wa kuɗin jarrabawa. Ga matar da ta haƙura da zane ɗaya tun ƙaramar Sallah. Mai sayarwa a kaka ya san farashi a ƙasa yake, ba sai ɗan makaranta ya faɗa masa ba. Tun kafin a haife ka muka san da haka. Wanda ake bi bashi ba shi da ranar sayarwa tasa, ranar mai bin sa ce.

Uwar Adashi:
Baffa ka yi haƙuri zan sa baki. Gaskiyarka a kan bashi, amma yaron nan ma bai yi ƙarya ba, don mu da muke cikin gida mu muke ganin yadda rumbu ke sauka. Ba mai bin bashi ne yake zuwa da daddare ya ɗebi kwano uku ba. Maigida ne, ya ce zai sa mai a babur, ya ce za a yi gudummawar suna, ya ce zai ɗan ga wani abu a kasuwa. Buhu kwano arba'in ne. In ana ɗibar uku-uku duk mako, wata uku kaɗai ya ishe shi. Kuma ranar da ya ƙare, wa ake juyowa a kalla? Mu. A ce ina akuyarki, ina kuɗin ƙuli-ƙulinki. Ina riƙe da zubin mata da yawa a garin nan, ba zan kama suna ba, amma na san gidajen da tuwon watan takwas daga kwasar adashi yake fitowa, ba daga gandu ba.

Ɗan Cirani a Legas:
Inna kin fasa ƙwai 😂

Uwar Adashi:
Kai ma ina zuwa kanka, zauna tukun.

Na'ibin Liman:
Bismillah. Ina karanta ku tun ɗazu, ina so in ja hankali kada maganar ta kai mu inda ba mu nufa ba. Arziki da rashi na Allah ne. Akwai wanda ya yi tattali iyakar tattali, ambaliyar 2022 ta zo ta shafe gonar da rumbun gaba ɗaya, mun gani da idonmu daga Ringim har Auyo da Haɗeja. Wannan ba za a ce masa ga abin da ka jawo wa kanka ba. Amma kuma ƙaddara ba mafakar rago ba ce. Wani sahabi ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai ya ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Tirmizi ya ruwaito. Kuma lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddara yake, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Saboda haka a tambayi mutum a kan igiyar da ke hannunsa, a bar masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Ɗan Autan Gandu:
Allah ya gafarta Malam, abin da nake nufi kenan, ban iya faɗa ba ne.

Dillalin Dawanau:
Ni kuma bari in ɓata muku lissafin gaba ɗaya. Kuna magana kamar duk wanda ya ajiye hatsi ya ci riba. A da haka ne kusan kullum, ka saya a kaka ka sayar a bazara. Amma ku tambayi waɗanda suka cika shaguna da masara a kakar 2024. A watan Yulin shekarar gwamnatin tarayya ta ba da damar shigo da masara da shinkafa da alkama da wake ba haraji na kwana 150, ga kuma damina ta yi kyau a wurare da yawa. Da 2025 ta shigo farashi sai ƙasa. Na ga manyan mutane a kasuwar nan sun sayar ƙasa da yadda suka saya, ban da kuɗin ajiya da na dako. A shekarar, wanda ya sayar da wuri shi ne ya zama mai wayo. To ina zaɓin yake a nan? Kai kana ƙauye kana lissafi, wani yana Abuja yana sa hannu a takarda.

Baffa Manomi:
Madalla. Faɗa musu dai.

Uwar Adashi:
Alhaji, kai ajiyar ciniki kake magana, mu ajiyar ci muke magana. Wanda ya bar geron da iyalinsa za su ci har sabuwar kaka, ko farashi ya faɗi ƙasa warwas bai yi asara ba, tuwonsa zai ci. Wanda ya yi asara shi ne wanda ya ci bashi ya tara don ya sayar da tsada. Wannan kam ba na tausaya masa sosai, Allah ya yafe min.

Dillalin Dawanau:
Hajiya kin kama ni. Amma tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ya fi damuna da mutanenmu, shi ne wake. Mutum zai ce dole ya sayar a kaka don ƙwaro zai cinye, ko kuma ya zuba masa maganin feshi ya rufe, ya ci ya ba yara. Irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu tun 2015. Alhali ga buhun nan da ake ce wa PICS, wanda aka ƙirƙira a jami'ar Purdue ta Amurka, leda biyu a ciki buhu ɗaya a waje. Ka busar da wake sosai, ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro ba ya rayuwa in ba iska, ba sai an sa magani ba. Sharaɗin kawai kada ka riƙa buɗewa kana ɗiba, kuma ka kare shi daga ɓera. In ba a huda shi ba, shekara mai zuwa ma zai yi. Ya fi buhun yau da kullum tsada, shi ya sa mutum zai ɗaga ya ajiye. Fita ɗaya daga rumfar ya tsaya wajen mai tsire ya kashe fiye da haka.

Malamin Firamare:
Ni ba na noma mai yawa, gayauna ce kawai, don haka zan yi magana a kan abin da nake gani a rajista. Babu uban da ya taɓa zuwa ya ce min na cire ɗana daga makaranta. Ba a yin haka. Abin da ake yi shi ne yau a ce ka bari sai gobe, akwai roron gyaɗa. Gobe a ce ana ɓarar zoɓo, hannu ake nema. Jibi a ce ki kai tallar nan tukun, in kin dawo kya tafi, ta dawo an tashi. Zangon farko na shekara kuma shi ne ya faɗo daidai kaka, lokacin da ake kafa harsashin ajin. Yaro ya dawo bayan mako uku ya tarar an wuce shi, a tambaye shi ya kasa, yara su yi dariya, washegari shi da kansa zai ce ba ya so. Uban kuma sai ya ce ai shi ne ba shi da kan karatu. Na koyar da yaran da na rantse sun fi waɗanda yanzu suke Jami'ar Tarayya ta Dutse da jami'ar jiha ta Kafin Hausa kaifin ƙwaƙwalwa. Bambancinsu, a gidan waɗancan akwai wani mutum ɗaya, wani lokaci ma kaka ce da ba ta san bihim ba, da take cewa a bar shi ya je, in ya dawo ya yi.

Uwar Adashi:
Malam, tallar nan da kuke zagi, da ita ake yi wa yarinya kayan ɗaki. Uban ba zai saya ba. In aka kai ta ɗaki ba gado ba kwanuka, dangin miji gori za su yi mata har ta haihu. Uwa tana zaɓa ne tsakanin kunya biyu.

Malamin Firamare:
Na sani Inna, ban zagi kowa ba. Abin da nake roƙo a canja lokacin kawai. Ana tashi daga firamare kafin azahar ko daidai ita, tallar yamma tana nan, ta Asabar da Lahadi tana nan. Kuma a jihar nan tun zamanin Sule Lamido aka ɗauke wa 'ya mace kuɗin makaranta. Yarinyar da ta gama sakandare ta shiga makarantar koyon aikin lafiya, kayan ɗakin ƙannenta ma ita za ta yi.

Ma'aikaciyar Asibiti:
Tunda Malam ya taɓo mu. Duk damina ana bi gida-gida ana ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wata-wata. Na kwana uku ne. Ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, sauran kwana biyun a bar wa uwa. Sau nawa nake shiga ɗaki in ga ƙwayoyin a kan kwabet an manta da su? Gidan sauro kuma an kai shi fadama an kewaye yaɗin tumatir. Sai yaro ya fara zafin jiki, a ce a bari a gani zuwa gobe, a sayo na ciwon kai a shago, kwana uku a kawo mana shi yana sanƙarewa, jini ya ƙare, sai an tura babban asibiti. Kuɗin mota, kuɗin jini, kuɗin kwana. Ragon da aka turke don Layya a nan yake tafiya, wani lokacin har a jinginar da gona. Baffa, wannan ma bashin taki ne?

Baffa Manomi:
'Yata, wannan kam ba ni da ta cewa. Sai dai ku ma in an zo da wuri a riƙa samun ku, a kuma riƙa samun magani. Wani lokacin mutum zai bar aikin gona ya zo ya tarar da ƙofa a rufe, gobe ba zai dawo ba.

Ma'aikaciyar Asibiti:
Na karɓi wannan, Baffa.

Ɗan Cirani a Legas:
Inna ta ce tana zuwa kaina, gara in riga ta. Mu 'yan cirani kullum ana ganin mu ne muka gudu muka bar gari. To me zan zauna yi daga watan sha ɗaya zuwa watan biyar? Gonarmu ta tudu ce, ba mu da fadama. Mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam suna noman rani ne don an gina musu madatsar Tiga tun 1974 an ja musu ruwa har gona, ba don sun fi mu zuciya ba. Mu kuwa in za ka yi sai ka haƙa rijiya ka sayi inji, ga mai da aka cire wa tallafi a watan Mayun 2023. Kuma ciranin ma ba tabbas. An hana acaɓa a Kano a 2013, muka gangara Legas, a 2022 aka hana a manyan unguwanni a can ma, in an kama babur ɗinka niƙe shi ake yi. Wannan duk ba mu muka zaɓa ba.

Amma zan faɗi gaskiya a kanmu. A ɗakin da muke kwana, kuɗin da muke samu kusan ɗaya ne, dawowar ce ba ɗaya ba. Akwai wanda duk dare sai ya tura wani abu gida ta wajen mai POS kafin ya ci abinci, ya ce in ya kwana a aljihu ba nasa ba ne. Shi yanzu shanun huɗa gare shi, ya saya a Maigatari, har haya yake bayarwa. Akwai kuma wanda kullum sai ya buga cacar ƙwallo ta waya, naira 500 ce kawai in ji shi. Ku lissafa, 500 sau 365 naira 182,500 kenan. Ga ƙwaya, wai don a jure aiki. An hana kodin a 2018 amma tiramol bai tafi ko'ina ba. Irin wannan in damina ta zo sai an haɗa masa kuɗin mota.

Uwar Adashi:
To ka faɗa da bakinka, na yafe maka. Sai abu ɗaya: in za ku turo, ku turo wa matar kai tsaye. Abin da ya bi ta hannun ɗan uwa yakan rame a hanya.

Wani Matashi:
Ni misalin da ya fi tsaya min a rai shi ne na Majiya, inda tankar mai ta faɗi ta kama da wuta ana cikin ɗibar man. Minti nawa ne tsakanin ka zauna a gida da ka ɗauki jarka ka fita? Mutum sama da 150 suka rasu.

Baffa Manomi:
Yaro, bar wannan. Akwai waɗanda suke cikin zauren nan da suka binne 'ya'yansu a ranar. Wasu ma ba ɗibar mai suka je ba, kiran ƙannensu suka je yi, wasu ceto. Kuma a watan Oktoban 2024 lita ta kai naira 1,000, abin da bai kai 200 ba shekara ɗaya da rabi kafin nan. Ban ce daidai ne ba, kuma duk inda tanka ta faɗi a yi nesa da ita, a kori yara. Amma ba za mu yi misali da su a muhawarar rumbu ba. Allah ya jiƙansu.

Na'ibin Liman:
Amin ya Allah. Allah ya ba iyalansu haƙuri.

Wani Matashi:
Amin. A gafarce ni Baffa.

Shugaban Zaure:
A koma kan magana don Allah.

Ɗan Autan Gandu:
Baffa, ina so in tambaye ka da ladabi. Ka ce mai bashi ba shi da ranar sayarwa, na yarda. Amma ta ina bashin yake farawa? Ba daga bara ba ne, da aka sayar da komai a kaka, damina ta zo ba kuɗin taki, aka ci bashi? Bana a sayar a biya, baɗi a sake ci. Wani wuri dai dole a yanke igiyar nan.

Baffa Manomi:
Yanzu ka yi tambayar manya. A wajena ta biki take farawa. Duk auren garin nan a kaka ake sa shi, don an san akwai hatsi. Wata biyu ana ɗaurin aure duk Juma'a da Asabar, kowanne da gudummawarsa, kuma gudummawa bashi ce, wanda ya kawo maka dole ka mayar har da ƙari. Lefe da gara kuma kowa yana leƙen na maƙwabcinsa. Lokacin da muka yi namu auren, abin da aka kai bai cika akwati ɗaya ba, ga mu nan har jikoki. Amma mutum ɗaya ba zai iya ragewa shi kaɗai ba, za a ce ya wulaƙanta 'yarsa. Shi ya sa nake ce maka ba kowane abu ne zaɓin mutum ɗaya ba. Wannan sai an zauna da dagaci da liman an ƙayyade, kamar yadda wasu garuruwa suka yi.

Uwar Adashi:
In za a zauna a kira mata. Ku kuke yankewa a ƙofar fada, mu ake yi wa gori a cikin gida. In ba mu yarda ba, a ɓoye za a kai kayan da daddare, kun san haka.

Dillalin Dawanau:
Ni ga tawa shawarar. A samu ɗaki ɗaya mai kyau, duk mai so ya kawo buhu ɗaya na ci, a rubuta sunansa a jiki, a rufe, ba a buɗewa sai watan bakwai. Abin da ba ya gaban ido ba a ɗibarsa kwano-kwano. Buhunan ajiyar wake guda ashirin na farko ni zan kawo a kan kuɗin sari.

Malamin Firamare:
Ni zan riƙe littafin, kowa ya sa hannu ko ya dangwala.

Ɗan Cirani a Legas:
A sa min buhu biyu, zan turo. Amma in mutum ya zo a watan uku ya ce matarsa ce ba lafiya fa? A hana shi kayansa?

Ma'aikaciyar Asibiti:
Rashin lafiya da rasuwa a buɗe. Biki da canjin waya a'a.

Baffa Manomi:
An taɓa yin irin wannan a garin nan, ku ba ku yi wayo ba. Ba ɓera ne ya kashe shi ba, maƙulli ne. Wanda aka ba ya fara ranta wa 'yan uwansa da niyyar mayarwa, ranar buɗewa aka yi ta rantse-rantse har aka kai gaban dagaci. Ku fara gaya min wa zai riƙe.

Uwar Adashi:
Kwaɗo uku, maƙulli uku, hannu uku. Ɗaya wajen Malam Na'ibi, ɗaya wajen dagaci, ɗaya wajena.

Na'ibin Liman:
Ni a cire ni, Hajiya. Duk wanda aka hana, ƙofar gidana zai kwana, kuma ban iya cewa a'a ba. A ba malamin makaranta.

Malamin Firamare:
Littafi da maƙulli a hannu ɗaya ba daidai ba ne, Allah ya gafarta Malam. Kuma mu ana iya yi mana canjin wurin aiki kowane lokaci.

Shugaban Zaure:
To maƙulli na uku ba shi da mai shi tukun. Ranar Juma'a bayan an sauko a tsaya a ƙofar gidan dagaci, Inna ta turo wakilan mata biyu. Alhaji, ka zo da samfurin buhun a gani kafin a yi maganar kuɗi.